Ranar da Na Yi wa Inna Tafinta

Tun kuna ƙanana kuke da labari guda a bakinku: wai da ba don kakarku ba, da a Saudiyya kuka tashi, gida ɗaya da babanku. Da Sallar bara na ji Hajara tana faɗa wa 'ya'yanta haka a tsakar gidan nan, har da dariya, wai tsohuwar akwai rigima. Ina zaune ina tsintar wake, ban ɗaga kai ba. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ido ya fara gajiya, hannu ya fara rawa, gara in rubuta wannan da kaina tun ina iya riƙe biro. Wanda ya karanta ya ji haushina, ya ji abinsa, ai na riga shi ji.

Inna 'yar Alago ce daga Keana, inda mata ke dafa gishiri. Babana fataucin gishirin yake yi, can ya gan ta ya auro ta zuwa Lafiya, ya rasu ya bar ta da mu biyu, ni da kawunku Sani. Ni an kai ni yaye wurin kakata a Keana, yayen da ya koma shekara tara. Na tashi ina ɗebo ruwan gishiri, ina tura itace a ƙarƙashin tukwane, ina jin yaren Alago kamar me. Sani kuwa bai taɓa kwana uku a can ba, ko "zo in kashe ka" bai sani ba a yaren. Bai kuma ga dalilin koyo ba, tunda Inna shekara da shekaru tana sayar da gishiri a kasuwar Lafiya da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ku ba ku san ta da ƙarfinta ba. Mace ce mai baki, in ta buɗe murya a layin 'yan gishiri har 'yan doya sai sun ji. Ranar da na gama makarantar nas na dawo da farar hula a kaina, kallona ta yi daga sama har ƙasa ta ce wa maƙwabciyarta:

"Wannan yarinya ya cika son a kalle shi."

Aka yi dariya, na yi fushi kwana biyu. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Da damina ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin dama ya shanye. Muka ɗauko ta zuwa gidanmu, na gyara mata ɗakin da ke kusa da madafa. Bayan wata biyu magana ta dawo, amma Hausa ba ta dawo ba. Alago kaɗai ya rage a harshenta, shi ma a karye, da nauyi, rabin kalma a waje rabi a maƙogwaro. Wata 'yar ƙanwarta ta zo dubiya daga Keana, ta zauna wuni guda tana cewa "me ta ce?", ta koma gida da kuka. Ni ce kawai nake ganewa, saboda na san yaren kuma na san bakin. Mutane suka ɗauka tunda ba ta faɗar Hausa, ba ta jin ta. Sai su zauna a gabanta suna maganarta kamar ba ta wurin. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, na ga irin wannan ciwo, na san kunnenta garau yake. Ku riƙe wannan.

Zamanin soja ne, Lafiya tana ƙarƙashin Jihar Filato, komai sai an je Jos. Kuɗi ya faɗi warwas. Ni ina ɗakin haihuwa, babanku yana ɗakin gwajin jini, albashi biyu ke shiga gidan nan amma kafin ashirin ga wata tukunya ta fara yin fari. A wurin aiki sai ka rubuta wa mai naƙuda auduga da safar hannu mijinta ya je ya sayo. Likitoci suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, yau a ce wane ya tafi Jidda, gobe a ce wane yana Riyad. Babanku mutum ne mai haƙuri da zurfin ciki, amma in ya ƙulla abu a ransa ya ƙullu. Kullum maganarsa ɗaya: abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, tun da yunwa ta kori likita, mu ma tana tafe.

Wata Asabar ya dawo daga Kaduna da ambulan a aljihu, fuskarsa fes. Ya ce masu ɗaukar ma'aikata zuwa Saudiyya sun zo, ya zauna da su, sun yarda. Mata masu karɓar haihuwa suka fi nema. In mun tafi mu biyu, za a ba mu gida na iyali, yara su shiga makaranta. In shi kaɗai ne, sai ɗakin gwauraye, mutum huɗu a ciki, hutu sau ɗaya a shekara biyu. Na ce to ni yaushe na nemi aikin? Ya yi murmushi ya buɗe ambulan. Ashe ya buɗe akwatina ya ɗauki takarduna da ƙananan hotunana, ya cike mini fom da hannunsa, saura sa hannu kawai.

"Na so in ba ki mamaki ne, Talatu," in ji shi.

"Ka kuwa ba ni," na ce.

Ban ƙara ba. Halina ke nan, kuma kun gada, musamman Kabiru: in abu ya ci mini rai sai in yi shiru in shiga wanke-wanke da ƙarfi.

Akwai abokiyar aikina, Sista Rifkatu, 'yar Eggon, wadda ta riga kowa tafiya. Ta zo hutu a watan, na je gaishe ta. Gida ya cika da mata ana ɗaga atamfofi ana shafa awarwaro. Da suka watse ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta zauna a bakin gado kamar wadda ta yi dakan yini. Na ce ba ni labari, ya aikin? Ta ce aiki kam sai wanda ya gani, wuta ba ta ɗaukewa, kayan aiki har sai ka zaɓa, ba macen da ke mutuwa don an rasa jini. Sannan ta ce:

"Talatu, shekara biyu ba wanda ya kira ni daga nesa. Kin gane? Ba wanda ya hango ni a hanya ya ɗaga murya. Mota ta ɗauke mu daga masauki zuwa asibiti, ta dawo da mu. Na karɓi haihuwa ba iyaka, ko suna ɗaya ba a gayyace ni ba."

Na ce to za ki koma?

"Zan koma mana. Gini na fara."

Na fito daga gidanta na biyo ta kasuwa. Kafin in kai gida an tsayar da ni ya fi sau goma. Sista sannu, Sista ga takwararki ta fara tafiya, Sista ɗauki lemo ki kai wa yara. Wani mai nama ya biyo ni da tsoka a takarda, wai matarsa ta ce kada ya sake in wuce. A ranar na san ba na son tafiya. Ba don Inna ba, ku ji da kyau, Inna ba ta ma faɗo mini a rai ba a hanyar nan. Tsoro nake ji in je inda ba kowa ba ce ni. Ga kuma haushin akwatina da aka buɗe. Amma ta yaya mace za ta dubi mijinta, da yara uku da tukunyar da ba ta cika, ta ce ba za ta je ba saboda tana son a gaishe ta a kasuwa? Ko ni da na faɗa a zuciyata sai da na ji kunya.

Sai na fake da Inna. Duk sanda ya kawo maganar sa hannu sai in ce, to Inna fa? Ya ce Sani ya yarda zai ɗauke ta zuwa Jos, inda yake zaune. Na ce wa zai ji maganarta a Jos? Ya ce za a ɗauko mace daga Keana. Na ce wadda ta zo ta ji? Muka yi wata guda a haka, ina juya shi, har ya gaji ya kai maganar gaban yayansa, Alhaji Bukar, babban gidansu. Alhaji Bukar mutum ne na ƙa'ida, irin tsofaffin Barebarin garin nan. Ya ce abin mai sauƙi ne. Ba a yin doguwar tafiya sai da yardar iyaye, ko aikin Hajji ne balle neman duniya. A je a tambayi tsohuwa a gaban shaidu. In ta saki 'yarta, a tafi da albarka. In ta riƙe, bakin alƙalami ya bushe, kada wanda ya sake tayar da zancen.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zo, Alhaji Bukar da Sani da babanku. Na yi wa Inna wanka, na ɗaura mata kallabi, na jingina ta da matashi. Suka tuɓe takalma, babanku ya durƙusa a bakin ƙofa kansa a ƙasa, yadda suruki ke yi. Alhaji Bukar ya yi bayani tiryan-tiryan, yana tsayawa ina mayarwa da Alago, ko da yake na san ta ji tun daga bakinsa. Da ya gama, Inna ta daɗe tana haɗa kalmomi, yawu na zuba ina gogewa. Ga abin da ta ce, ban manta ko harafi ba:

"Su tafi. Na ci nawa rabon. Ɗa ba akuya ba ne da za a ɗaure a ƙafar gado. Ta bi mijinta, ta kai yaran inda za su ƙoshi. Na yafe mata nonona."

Alhaji Bukar ya juyo ya dube ni.

"Me ta ce, Talatu?"

Wallahi ban shirya ba. Da na tashi da safe ban ce yau zan yi ƙarya ba. Na ɗauka za ta riƙe ni, kowace uwa a halinta ai riƙewa za ta yi, sai ta sauke mini kayan. Da ta sake ni sai na ji kamar an janye tabarmar da nake zaune a kai. Na buɗe baki na ji muryata tana cewa:

"Ta ce in na tafi na bar ta a haka, ba ta yafe ba."

Sani ya ce innalillahi. Babanku bai ɗaga kai ba, amma na ga yatsunsa sun kama bakin tabarma. Ni Inna nake kallo. Idonta mai lafiyar ya tsaya a kaina, ta ɗaga hannun hagu a hankali. Na ce shi ke nan, za ta buga ƙasa, za ta girgiza kai, kowa ya gane. Hannun ya tsaya a sama. Sai ta kama bakin kallabinta ta ja shi ta rufe fuska, ta juya wajen bango.

"To, kun gani," in ji Alhaji Bukar. "Magana ta ƙare. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Babanku ya tafi shi kaɗai bayan wata biyu. Bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, har cewa ya yi Allah zai saka mini da abin da nake yi wa mahaifiyata. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A tasha ya shafa kan kowannenku, ya ce shekara biyu kamar gobe ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi.

Na samu abin da nake so. Ana gaishe ni a kasuwa, ana kawo mini goron suna, gidan ma ya fara ƙoshi da abin da yake aikowa. Amma in na dawo daga aiki na turo ƙofa, gidan sai ya yi mini faɗi. Inna ta daina yi mini magana. Da can in ina goge mata jiki sai ta yi ta ba ni labarin Keana, wace ta fi iya tace ruwan gishiri, wace ke satar itacen wata, har mu yi dariya da rabin bakinta. Yanzu sai "ruwa", sai "juya ni", sai "ya isa". Ku duba fa, duk faɗin duniya mutum ɗaya ke jin maganarta, ta zaɓi ta yi shiru da ta yi hira da ni. Ni kuma ba wanda zan gaya wa. Sani yana ganin ni waliyyiya ce. Matan unguwa suna kafa misali da ni ga 'ya'yansu. Na sha zama a kan turmi da la'asar, ku kuna Islamiyya, tana kwance a ɗaki ƙofa a buɗe, tsakaninmu bai fi taku biyar ba, har a kira magariba ba wanda ya ce uffan. Kaɗaicin da Rifkatu ta ba ni labari, wanda na guje wa, shi na samu a tsakar gidana.

Babanku ba ya son rubuta wasiƙa, kaset yake cikawa ya ba masu dawowa daga Umra. Ranar da kaset ya iso sai mu shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna, maƙwabta ma su shigo. Zai fara da sallama, ya bi kowa da suna: Alhaji Bukar da iyalinsa, Sani, ni, ku ɗaya bayan ɗaya, liman, mai shagon bakin layi, har makahon da ke zama a ƙofar masallaci. In ya zo ƙarshe sai ya ɗan tsaya, ana jin ƙarar fanka a ɗakinsu, ya ce:

"Da sauran mutanen gida."

Kaset bakwai, haka. Inna tana kwance tana ji. Ku kuma kuka ɗauki abin daga iska, yara ba sai an gaya musu ba. Kuka daina shiga ɗakinta sai an aike ku. Hajara, kina 'yar shekara tara, ranar da na ce ki kai mata kunu kika dangwarar da kofin kika ce da Hausa, a zatonki ba ta ji: "Ke kika hana mu bin Baba." Na mare ki marin da har yau kike ba da labari. Ki yafe mini. Ba ke na mara ba.

Da shekara biyu ta cika ya zo hutu. Ya yi fari, ya yi ƙiba, amma ya koyi cin abinci da sauri ba ya magana, irin na wanda ya saba ci shi kaɗai. Ya kawo wa kowa tsaraba. Kwana uku yana wucewa ta ƙofar Inna yana yin sallama a tsaye. Ran na huɗu da hantsi, kun tafi makaranta, ya ce in zo in yi masa tafinta. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa inda ya durƙusa wancan karon. Ya ce ya yi ɗawafi ya roƙi Allah ya cire masa abin da ke ransa, kuma malami ya gaya masa ba zai fita ba sai ya faɗa.

"Inna, na riƙe ki a zuciya. Ina can ina kwana da ƙatti uku, 'ya'yana suna girma ban gani ba, autana bai gane ni ba da na shigo. Na ce ke kika jawo. Na zo in faɗa miki, in ji ko kina da abin cewa."

Ban mayar mata ba, ita ma ba ta jira ba. Ta dube shi, ta dube ni. A shekara biyu ba ta yi magana mai tsawon wadda ta yi a ranar ba, kuma ba da shi take ba, da ni take.

"Yaron nan yana da gaskiya. Ga shi a gabanki. In za ki iya, gaya masa abin da na ce ranar Juma'ar nan. In ba za ki iya ba, ki ce masa na ce ya yafe mini. Aurenki ne, ke kika san abin da zai ɗauka. Ni na kusa."

Babanku ya ɗago kai.

"Me ta ce?"

Na dubi mutumin nan da ya yi shekara biyu yana yi mini addu'a a gaban Ka'aba saboda biyayyata. Na san in na faɗa, ba zai ɗaga murya ba. Zai tashi ya sa takalminsa, kuma ba zai ƙara dubana da idon da yake dubana ba har abada. Kwangilar iyali ta riga ta wuce, faɗar ba za ta dawo da ita ba, haka na gaya wa kaina. Kayya, mai neman mafaka ba ya rasa dalili.

"Ta ce ka yafe mata," na ce.

Ya fashe da kuka kamar yaro. Ya matso ya kama hannunta na hagu ya ce ya yafe duniya da lahira, shi ma ta yafe masa. Ta bar hannun a cikin nasa. Ta gyaɗa masa kai sau biyu, ta tabbatar masa da maganata.

Bayan wata huɗu ta rasu, ina wurin aiki ina karɓar haihuwar wata. Babanku ya dawo gida gaba ɗaya Hajara tana shirin aure, Kabiru ya fi shi tsawo, kuna ce masa "ina wuni" kamar baƙo. Ya rayu da ni shekara goma sha shida bayan nan. Sau da yawa in ana hira yakan ce Allah ya ji ƙan Inna, tsufa ne da ciwo, ba halinta ba ne. Ni kuma in ce amin.

Ban gaya masa ba. Na yi ta cewa sai ya huce daga gajiyar tafiya, sai an gama bikin Hajara, sai ya warke, har aka fita da shi ta ƙofar nan. Wanda ya kamata ya ji ya tafi, wadda aka yi wa ta tafi, saura ku. Ba na neman ku ce ba komai, don da komai. Abu ɗaya nake so: Hajara, ki tara yaran nan da kika ba labari, ki gaya musu kakarki cewa ta yi a tafi.